Ta Gashaka ko ta Mambila: Yadda Muka Zaɓi Hanyar Hawan Gangirwal

Sai da muka sauka a Serti, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka a Jihar Taraba, sannan gardamar da muka ɗauko tun daga Jalingo ta kai matsayin da dole a yanke ta. Mu huɗu ne, kuma abin da ya fito da mu shi ne hawan Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mai mita 2,419, wanda ke zaune a kan iyakarmu da Kamaru, a kudancin Gandun Dajin Gashaka-Gumti. Kowa ya yarda da inda za mu, amma ta inda za mu ɓullo wa dutsen ne ya raba mana kai, har muka wuce Garba Chede da Bali ba mu daina jayayya ba, direba yana kakkauce wa ramukan kwalta yana sauraronmu.

Hanya ta farko ita ce wadda babban abokin tafiyarmu ya dage a kanta, wato a bar kwalta a Serti, a bi hanyar ƙasa zuwa ƙauyen Gashaka, daga nan a ajiye mota a kama tafiyar ƙafa. A kan taswira ita ce ta fi jan hankali, domin tana ratsa tsakiyar gandun da aka kafa a 1991, wanda babu kamarsa a girma a ƙasar nan. Mai bin ta zai keta kurmin da ɓauna da birrai iri-iri ke zaune, zai iya ganin kufan sansanin da Jamusawa suka bari a kusa da Gashaka, sannan ya hau tuddan da makiyaya ke zaune a kansu, ya miƙe ta doron duwatsun zuwa kudu. Sai dai ma'aikacin gandun da muka zauna da shi a ofishinsu ya warware mana abin da taswira ba ta faɗa ba: Gashaka tana cikin kwari mai zafi, saboda haka kusan duk tsayin dutsen a ƙafa za a ci shi, ga tsando a ƙasan kurmi, ga rafuka da za a tsallaka ba gada, ga 'yan dako da za a ɗauka su ma a ciyar da su. Ya ce mu ware fiye da mako guda, alhali mu kwana biyar kacal muka samu daga wuraren aikinmu.

Ɗayanmu ya kawo shawarar zagayawa ta ɓangaren Kamaru, ta wajen Banyo, amma maganar takardun ƙetare iyaka da na mota ta kashe ta nan take.

Hanyar da ta rage ita ce ta Mambila, kuma ni ne na tsaya mata. Hujjata ita ce, tsaunin Mambila kansa yana da tsayin kusan mita 1,600, don haka idan mota ta haura da mu can, to ta ɗauke mana mafi yawan hawan, abin da ya rage wa ƙafafunmu bai kai mita 1,000 ba. Da safe muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ɗan rakiya daga cikin ma'aikatan gandun, muka kama hanyar Gembu. Daga Mayo Selbe titin ya fara nannaɗe dutse kamar rawani, kwana bayan kwana, kwazazzabo a hannu ɗaya, bangon dutse a ɗaya hannun, kuma a nan na gane dalilin da ya sa direbanmu ya duba birki sau biyu kafin mu tashi. Manyan motocin kaya suna hawa da giyar farko suna nishi, yaran mota na biye da su a ƙasa riƙe da wejin katako saboda gudun komawa da baya. Da muka ɓulla saman tsaunin ta Maisamari, sai zafin Serti ya ɓace ɗungurungum, ciyawa ta shimfiɗu iyakar ganin ido, ga garkunan shanu da layukan itatuwan turare, kowa ya lalubo rigar sanyinsa.

A Nguroje, kusa da gonakin shayin Kakara, kwalta ta rabu da mu, kuma a nan hujjar da na yi ta kafawa ta gamu da jarrabawa. Hanyar Njawai, ƙauyen da za mu fara tafiyar ƙafa daga cikinsa, jar ƙasa ce da ruwan damina ya zaizaye ya bar mata ramuka masu zurfin gwiwa, kuma ko da yake a watan Janairu muka je, lokacin da ƙasa ta bushe, direbanmu ya leƙa farkonta kawai ya ce motarsa ba za ta shiga ba. Tsofaffin motocin Land Rover da aka san Mambila da su suna bin ta, amma sai sun cika da kaya da fasinja suke tashi, abin da ke iya cinye yini guda. Muka koma wa 'yan achaba. Bayan dogon ciniki muka hau babura biyar, kowa da jakarsa ɗaure a baya, kuma a wuraren da gangara ta yi tsanani sai mu sauka mu taka, ɗan achaba ya lallaɓa da babur shi kaɗai. Wanda ya ɗauke ni ya gaya mini cewa daga watan Afrilu zuwa Oktoba laka takan mayar da wannan tafiya ta 'yan sa'o'i ta zama ta wuni sur, wani lokaci ma a kwana a hanya. A raina na amince cewa da a damina muka zo, da zaɓin nawa bai fi na abokina da komai ba.

Daga Njawai muka fara takawa. Mun kwana a wata rugar Fulani a gindin dutsen, bayan mun gaida Jauro mun sanar da shi abin da ke tafe da mu, aka tarbe mu da kindirmo, sanyin dare kuwa ya hana kowa runtsawa sosai. Da asuba muka bi turbar shanu har muka hau doron dutsen, inda babu bishiyar da za ta tare iska, sai ciyawa mai santsi da raɓa ta jiƙa. Sau uku ina ganin tudu a gabana ina zaton shi ne ƙarshe, sai mu hau mu tarar da wani a bayansa. Ɗan rakiyarmu ya hana mu yanke ta gefe don rage nisa, domin gangarar da ke fuskantar gandun tana da tsananin zurfi, kuma hazo kan rufe ta ba zato.

Mun isa ƙololuwa kafin azahar. Ƙurar hunturu ta dusashe nesa, amma daga arewa ana hango duhun kurmin da muka guje wa kwance a can ƙasa, kwari bayan kwari. Abokina ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ya tambayi ɗan rakiya nawa ake biyan ɗan dako a yini daga Gashaka, ya ciro takarda ya rubuta.