Makwancin tsuntsaye a lokacin hunturu

Sanyin asubar nan ne ya fito da ni tsakar gida a Marwa, kuma a nan na lura da abin da na shekara ina wucewa ban kula ba. Gwara sun cusa kansu cikin jinkar rumbu ta gefen da iskar arewa maso gabas ba ta bugawa, sun kumbura gashinsu har kowace ta zama kamar dunƙulen auduga, domin iskar da ke maƙale cikin gashin ita ce bargonsu. Kurciyoyi kuwa sun zaɓi tsakiyar dogon yaron ƙofar gida, inda ganye ya fi duhu.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce: "Ɗan nan, ai a ƙauye gawo suke bi, tunda shi da rani yake ganye."

Abin da ya dame ni shi ne, makon jiya na sa a sassabe rassan dogon yaron nan saboda sharar ganye, ban san makwancin wasu nake ragewa ba. Na dakatar da sauran saran sai bazara, na kuma ajiye musu ruwa a kasko a gindin zana.