Bargar da Ta Fi Fada Kwarjini a Chantilly

Daga tashar Gare du Nord da ke birnin Paris, jirgin ƙasa bai kai rabin awa ba ya sauke ni a Chantilly, sannan na bi gefen filin sukuwa da ƙafa, raɓar safiya tana jiƙa mini takalmi. Da na hango wani dogon gini na farin dutse mai ƙubba a tsakiya, sai na ɗauka tsohuwar fadar Chantilly ce na iso, har sai da iska ta kaɗo mini warin kashin doki sannan na gane barga ce.

Yarima Louis-Henri na gidan Condé ne ya sa magini Jean Aubert ya fara aikinta a 1719, kuma tsawonta ya kai mita 186. An tsara ta domin dawaki 240, ban da ɗaruruwan karnukan farauta, saboda dajin da ke kewaye da gandun wurin farautar gidan ne. Mutanen garin suna ba da labarin cewa yariman ya yi imani zai dawo duniya a siffar doki, shi ya sa ya tanadar wa kansa masauki. Ni dai na ɗauke shi a matsayin zancen nishaɗantar da baƙi.

Cikin ginin ne ya fi tsayar da ni. Rufin dutse ne da aka lanƙwasa kamar baka, ya yi nisa ƙwarai, manyan tagogi kuma suna can sama da kan dabba, ta yadda haske da iska suke shiga ba tare da sanyi ya bugi doki a turkensa ba. Ko bugun kofato ɗaya sai ka ji amonsa ya zagaya. A ƙarƙashin ƙubbar, wadda tsayinta ya kai mita 28, na tarar da wata matashiya tana kewayawa da wani ingarma a hankali, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, shi kuwa yana tauna linzami.

Da juyin juya halin Faransa ya zo, babbar fadar aka rushe, bargar ta tsira, don haka babban ɓangaren fadar da baƙi ke ɗauka hoto a yau ginin ƙarni na 19 ne. Tun 1982 bargar ta zama gidan tarihin doki, kuma a ɗakin sirada da likkafu na ƙarasa yinina har mai gadi ya fara kaɗa makullai.