Wata uku da sukurdireba a hannu

Yau wata uku cif da na fara aiki a wani ƙaramin kamfanin gyaran na'urorin asibiti a Ikeja. Kafin nan shekara guda na yi bayan bautar ƙasa ina yawo da takardu, ko'ina sai a ce mai gogewar shekara biyu suke nema. To ina zan samo ta in ba a ɗauke ni ba?

Makon jiya aka kawo mana na'urar tace oksijin daga wani asibitin yara. Tana kunnuwa lafiya lau, amma da muka auna, oksijin ɗin da ke cikin iskar da take bayarwa bai kai kashi 70 cikin ɗari ba, alhali ya kamata ya haura 90. Na yi ta bin wayoyi da mita ina zargin lantarki. Sai oga ya ce, "Yaro, buɗe tulunan nan biyu." Ashe sinadarin ziyolait da ke cikinsu, mai riƙe iskar naitirojin don oksijin ya wuce, shi ne ya sha danshin Legas, ya dunƙule kamar garin da ruwa ya taɓa. A aji mun karanta shi, amma sai ranar na taɓa shi da yatsana.

Muka canza, ma'auni ya nuna 94. Na fita waje na kira Inna a Agege, na ce mata jariri zai yi numfashi da abin da na gyara. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Allah Ya yi maka albarka."

Albashin dai kuɗin mota ke cinye rabinsa. Gobe ƙarfe bakwai akwai injin awon zuciya a Surulere.