Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jikan Inna a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Makon jiya na tsaya inda Kawu ya kawo mana kwamfutar da ya tsinto a kasuwar Katako ta Yamai. Pentium 4 ce, allonta da ƙeya kamar tulu, da Windows XP na Faransanci a ciki. A 2015 muke, shekara guda ke nan da Microsoft ta janye hannu daga XP tun Afrilun 2014. Mu a Tawa wannan bai dame mu ba. In dai ta kunnu, ai da sauran ranta.

Gab da damina wani ɗan unguwarmu ya dawo daga cin rani a Abijan, Yaya da ke can ya ba shi saƙon kile ɗin USB. Bidiyon sunan ɗansa ne, yaron da aka mayar wa sunan marigayi Baba. Inna ba ta taɓa ganinsa ba ko a hoto. Bayan isha'i ta shimfiɗa tabarmi, ta aika a kira maƙwabta, ni kuwa na zauna gaban allo ina hura hanci.

Na danna. Windows Media Player ya buɗe, muka ji guɗa, muka ji muryar liman, amma babu mutum ko ɗaya sai wasu zane-zane masu launi suna ta juyi. Inna ta ƙura ido ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ne jikan nawa?" Mata suka kwashe da dariya. Daren nan ko tuwo ban ci ba.

Da safe na nufi siber, wato shagon intanet. Mai wurin ya ce bidiyo kamar harshe ne, akwai wanda na'urar XP ba ta ji, shi ya sa ta ba ni murya ta riƙe hoto. Ya ce in sa VLC, wani abin kunna bidiyo ne, shi da tafintocinsa yake zuwa, kuma kyauta ne, ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa ne suka faro shi. Na biya dala ɗari, intanet na tafiyar hawainiya, da ƙyar ya sauka. Na hau kabu-kabu na koma gida, na danna, sai kwamfuta ta ce wai wannan ba "application Win32 valide" ba ne.

Laifina ne, garaje na yi. Ashe VLC ɗin iri biyu ne, na 32 da na 64, kowace kwamfuta da irin da take ci. Na ɗauko na 64, alhali tsohuwar tamu 32 take ci. Mai siber ya gaya mini in duba, zumuɗi ya toshe mini kunne. Na koma da ƙafa wannan karon, don kuɗin kabu-kabu sun ƙare, cikin ranar Tawa mai narka takalmi. Ya kalle ni kawai ya zuba mini mai "win32" a sunansa, bai karɓi ko dala ba.

Sanyawar kanta ba ta kai minti biyar ba. Suivant, Suivant, Installer, sai ga wani abu ruwan goro kamar mazurari a kife ya fito a allo. Wannan karon ban bari a kira kowa ba. Ni da Inna kaɗai.

Hoto ya fito, yana ɗan tsayawa yana tafiya saboda ƙarfin kwamfutar. Ga jariri cikin farin zane. Inna ta matso, ta shafa allon da yatsa, ta ce, "Goshin Malam ne, wallahi." Sau uku ta sa na mayar baya.

A na huɗun ne ta riƙe mini hannu. "Tsaya nan." Na tsayar. A gefen hoton, bayan masu rabon goro, ga Yaya zaune, ƙafarsa ta dama naɗe da farin ƙyalle har gwiwa, ga sandunan dogarawa jingine a bango. Kullum a waya cewa yake lafiya lau.

"Ɗauko mini wayarka," in ji Inna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.