Madarar Leda a Kanada

Ƙanwata ce ta haihu a Hamilton, wani gari a lardin Ontariyo, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Toronto. Da yake ciwon ƙafa ya hana Hajiyarmu doguwar tafiya, ni aka tura na tsaya mata wankan jego. Labarin jirgi ba shi da wani armashi, in ban da wani ma'aikaci a ƙasar da muka ya da zango, wanda ya riƙe fasfona da yatsa biyu yana daka mini tsawa a gaban jama'a, alhali takarduna a cike suke. Na haɗiye, na wuce. Allah ya kai mu lafiya, muka sauka cikin wani sanyi mai ratsa ƙashi.

Washegari da safe na shiga kicin zan dama wa mai jego kunun gyaɗa. Na buɗe firji ina neman gwangwani ko kwali, sai na ga wata babbar leda kwance a ƙasa, cikinta ledoji 3 dogaye, kumbure da madara, suna luƙwi-luƙwi in ka taɓa. Na ɗaga murya na ce, "Ke, wannan fa?" Ta ce, "Yaya, ai madarar ke nan. Haka ake sayar da ita a nan."

Mijinta ne ya nuna mini yadda ake yi. Akwai wani dogon kofin roba mai mariƙi wanda don wannan aikin kaɗai aka ƙera shi. Sai ya zura leda ɗaya a ciki yadda take, ya buga gindin kofin a kan tebur har ta zauna daram, kanta ya leƙo sama. Sannan ya ɗauki almakashi ya ɗan yanke kusurwa ɗaya. Ya ce yankan nan shi ne gwaninta: in ya yi faɗi, madara ta kwararo ta cika tebur, in ya yi ƙanƙanta, ka daɗe kana jiran kofi ya cika. Wasu har ɗayar kusurwar suke ɗan tsagawa don iska ta shiga. Haka ake mayar da ita firji, baki buɗe, ba murfi. Wannan bai kwanta mini ba ko kaɗan, don in akwai albasa ko kifi a kusa, tana ɗaukar wari. Har na baro gidan, da ɗan maƙalin shanya nake matse bakin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙasa mai arziki irin wannan ta zauna kan leda, kamar dai ruwan leda da yara ke talla a tasha. Amma da muka je kanti na ga yadda ake ɗiba, sai na fahimci ba talauci ba ne. Babbar ledar lita 4 ce cif, kowace ƙarama lita ɗaya da sulusi. An rubuta yawan maiƙon da ke ciki ɓaro-ɓaro: 3.25 cikin 100 ita ce cikakkiya, wadda ake ba yara ƙanana, sai mai 2, sai mai 1, sai wadda aka tsame mata maiƙo gaba ɗaya, wadda a bakina ruwa ce kawai mai farin launi. Sunayen da na fi gani su ne Neilson da Natrel da Sealtest. Mun biya dalar Kanada 6 da 'yan kai, kuma ba a ɗora mata haraji ba, saɓanin sabulu da takalmi da sai ka je wurin biya a ƙara maka kashi 13 cikin 100 a kan kuɗin da ka gani a rubuce. Wannan ɗabi'a ta ɓoye haraji sai an zo biya ta ƙona mini rai sosai. A gidan abinci kuma, bayan harajin, ana sa ran ka bar wa mai kawo abinci kashi 15 ko fiye. A Kasuwar Rimi in an yi ciniki an gama, an gama.

Maƙwabciyarsu wata tsohuwar Baturiya ce, mai kirki ƙwarai. Da ta ji an yi haihuwa ta kawo bargon jariri da ta saƙa da hannunta, daga baya kuma ta gayyace ni shayi. A gefen ƙofarta ta baya ta nuna mini wata 'yar taga a jikin bango, mai murfi ciki da waje, yanzu an toshe ta. Ta ce tana yarinya, nan mai madara ke ajiye kwalabe da asuba, ya kwashe waɗanda aka shanye. Leda ta shigo ne a ƙarshen shekarun 1960, kamfanin DuPont ya kawo ta, amma ba ta kama ƙasa sosai ba sai a shekarun 1970, lokacin da Kanada ta bar awon Ingila ta koma lita. Sauya girman kwalba ko jarka yana buƙatar sababbin injuna masu tsada, ita kuwa leda sai dai a gyara inda inji ke yankawa. Tsohuwar ba ta yar da leda ko ɗaya. Ƙananan tana wankewa ta shanya ta zuba abinci a ciki, manyan kuma tana tara wa wasu mata da ke saƙa tabarmi da su ana kai wa mabuƙata.

Surukin nawa mutum ne mai son lissafi, shi ya warware mini dalilin da ya sa madara ba ta yankewa kuma farashinta ba ya hawa da sauka. A can manomi ba ya tatsa ya sayar yadda ya ga dama. Tun farkon shekarun 1970 ake da tsarin ƙayyade wa kowace gona iya madarar da za ta fitar, hukuma ta sa hannu a farashin da za a biya shi. Izinin sayar da madarar kusan saniya ɗaya yakan kai dala 24,000 a Ontariyo. Madarar waje kuwa, in ta wuce adadin da aka yarda a shigo da shi, harajinta ya haura kashi 200 cikin 100. Shi ya sa Amurkawa ke ƙorafi, Donald Trump ma ya sha yin magana a kai. Surukin nawa ya ce da ka tsallaka iyaka zuwa garin Buffalo na Amurka, a jarkar galan za ka same ta, sau da yawa ma ta fi araha. Shi yana ganin ana cutar mai saye. Ni kuwa na ce masa gara tsadar da ke raya makiyayin gida. Mu da muke da shanu bila adadin, garin madarar da aka shigo da shi daga Turai da New Zealand muke sha, mai shayi yana yaga ƙullin Cowbell ko Dano, Bafulatana kuma tana yawo da ƙwarya a ka cikin rana, tana fargabar kada nonon ya yi tsami kafin ta sayar. Da a Kanada take ma, doka ba za ta bar ta ba, don an haramta sayar da ɗanyar madarar da ba a dafa ta a masana'anta ba tun 1991.

Wani ɗan Indiya mai kantin kayan miya, inda muke sayen garin gero, ya yi dariya da na ce masa leda ta ba ni mamaki. Ya ce a garinsu ledar rabin lita ake kawowa ƙofar gida kullum safiya, a tafasa a yi shayi. Da wannan geron da cikakkiyar madarar leda muka kwana da kindirmo a cikin tanda mai ɗumi, muka dama fura. Ta yi kauri, ta yi kyau a ido, amma ƙamshin nan na ƙwarya da hayaƙin ruga babu shi.

Bayan mai jego ta yi arba'in muka je Montiriyal a jirgin ƙasa. Nan ma leda ce, sai dai rubutun Faransanci ne a gaba, kuma gwamnatin lardin Kubek ce ke yanka mafi ƙaranci da mafi yawan farashin madara a kanti. Wata 'yar Nijar da ta sauke mu, wadda ta yi karatu a Faransa, ta ce a Faransa a kwali ake jera madara a kanti ba firji, ta yi watanni ba ta lalace ba, kuma har yau ba ta saba da ɗanɗanon ta Kanada ba.

Daga nan na tashi zuwa Kalgari, a yammacin Kanada, wurin ɗan baffanmu. Duk kantin da muka shiga jarkar roba ce mai lita 4 da kwali, ban ga leda ko ɗaya ba. 'Ya'yansa da aka haifa a can sai da na nuna musu hoto a waya kafin suka yarda a ƙasarsu ake yin haka. Daga Kalgari na koma Toronto, na kamo hanyar Kano.