Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gasar tseren kwale-kwale ta kulob ɗinmu

Alhamdulillahi an yi an gama lafiya, ba wanda ya faɗa ruwa in ban da ni da santsi ya kwashe a bakin gaɓa, wanda ya ɗauki bidiyon nan dan Allah ya goge. Tun ranar Asabar nake so in rubuta godiyar nan gajiya ta hana, har yanzu tafin hannuna duk bororo ne.

Waɗanda suka shigo kwanan nan ba za su gane dalilin da ya sa wasunmu suka yi ƙwalla ba da muka ga kwale-kwalenmu mai mutum 8 ya tashi. Lokacin da muka fara, ɗaya tak gare mu, tsohon na katako da aka ba mu kyauta, ga yoyo, kana tuƙi ɗan'uwanka na kwarfar ruwa da gwangwani, rumfar ajiya babu sai dai mu kife shi gindin bishiya mu rufe da tamfol, mutane na wucewa suna mana kallon marasa aikin yi. Da karo-karo muka yi rumfa, iska ta ɗauke rufin, muka sake. Yau ga mu da abun da tsawonsa ya kai kusan mita 18, wanda a dokar gasa nauyinsa ba ya gaza kilo 96, kuma a kafaɗa ake kai shi ruwa a dawo da shi.

Koci, Allah ya saka da alheri. Kai ka cire mana tunanin cewa da ƙarfin damtse ake jan filafili, ka yi ta ihu ƙafa, ƙafa, tunda kujerar zamewa take a kan dogo kuma cinya ke yin yawancin aikin. A tseren mita 2000 ɗin nan muka gane gaskiyarka, wajen mita 1500 hannu ya mutu murus.

Ƙanwarmu mai riƙe da igiyar juya kwale-kwale, ke kaɗai ke ganin gaba mu duk mun ba hanya baya, da kin yi sake da mun ci karo da gada. Sannu da ƙoƙari.

Tawagar mata kuwa kun fidda mu kunya wallahi. Maza tun 1900 suke tseren nan a Olamfik, mata sai 1976 aka ba su dama, mu ma nan sai da aka sha gardama kafin a fara tirenin ɗinku, wasunmu har da ni mun ja da baya, ku yafe mana.

Masu kwale-kwalen inji na ceto, iyayen da suka yarda suka ba mu yaransu, kafintan da ya liƙe mana tsaga cikin dare bai karɓi ko sisi ba, da kulob-kulob ɗin da suka zo, mun gode ƙwarai.

Tirenin zai ci gaba ranar Talata da asuba. Filafili ɗaya ya tsage a baki, mai gam ya taho da shi, sannan akwai takalmi ƙafa ɗaya a rumfa, mai shi ya zo ya ɗauka.