Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a jinyar Abba

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallame mu, mun dawo gida. Hannun ɗana Abba na dama ya fara riƙe cokali, magana ta dawo, sai ɗan nauyin harshe da likita ta ce zai saki a hankali da yardar Allah. Kun bi mu tun daren da ɓarin jikinsa ya shanye, don haka ba sai na maimaita ba, ƙarfin maimaitawar ma babu. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba, ku yafe mini, wallahi wani lokacin ina kallon wayar tana ƙara amma na kasa kai hannu.

Akwai wadda na fi so in fara da ita, ko da yake ta hana ni faɗin sunanta: likitar yara da ta karɓe mu. Wata 'yar dubiya ta zo, ta tsaya a bakin gado ta ƙare wa Abba kallo, kansa babu gashi, jijiyoyi sun fito raɗau, sannan ta ce da surukata cikin raɗa wai dama auren zumunci ke jawo irin wannan, ko kuma uwar ce ta tsallaka wani abu tana da ciki. Na ji, Abba ma ya ji. Likitar tana rubutu a gefe. Da ta gama zagaye, sai ta dawo ta ja kujera, ta ce, "Hajiya, ku matso ke da maman Abba, akwai abin da nake so ku ji tare."

Takardar gwajin jininsa ta daɗe a jakata, na san sunan ciwon Projeriya, wato ciwon tsufa da wuri, amma ba wanda ya taɓa zama ya warware mini ita sai ranar. Ta juya bayan takardar magani ta zana da'ira. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowacce da cibiya a tsakiyarta, a nan ake ajiye bayanan gado masu haruffa kusan biliyan 3. A cikinsu akwai wani sashe mai suna LMNA, shi ke ba da umarnin haɗa furotin ɗin da ke tallafe bangon cibiyar ta ciki, ana ce masa Lamin A. A jikin Abba harafi ɗaya tak ya sauya, C ya koma T, kamar mai kwafe babban littafi alƙalaminsa ya zame sau ɗaya. Saboda haka furotin ɗin yake fitowa da giɓin gutsure 50 daga cikin gutsattsarin da ake haɗa shi da su, kuma a cikin giɓin ne wurin da ya kamata a datse masa wata 'yar jela mai maiƙo. Tun da ba a datse ba, sai ya manne wa bango, yana taruwa, cibiyar ta yamutse, ƙwayoyin su gaji su mutu da wuri. Wannan gurɓataccen furotin shi ne projerin. Jijiyoyin jini ya fi yi wa ɓarna, su taurara su ƙuntace irin na dattijo, abin da ya kai mu asibiti ke nan. Hankali kuwa ba ya taɓa shi, shi ya sa Abba ke riga 'yan ajinsu hadda alhali nauyinsa bai wuce na ɗan shekara uku ba.

Surukata ta tambaye ta kai tsaye, "To likita, zumuncin fa?" Ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce akwai wasu cututtukan tsufa da wuri, irin su Werner da Cockayne, waɗanda sai uwa da uba duka suna ɗauke da su ake haifar yaro da su, kuma auren dangi yana ƙara yiwuwarsu. Shi Werner ma sai bayan balaga yake nunawa. Amma na Abba sabon sauyi ne da ke aukuwa tun farkon halitta, babu shi a jinin uwa, babu a jinin uba, kuma yana samun kimanin jariri ɗaya cikin miliyan 4 zuwa 8 a kowace ƙabila a duniya. Ta ce tun 1886 wani likita a Ingila, Jonathan Hutchinson, ya fara bayyana ciwon, amma sai a 2003 aka gano harafin. Sannan ta dafa gwiwata ta ce, "Maman Abba, ba abin da kika ci, ba abin da kika tsallaka." Shekara tara ina ɗauke da maganar nan a ƙirjina. Hajiya ta cire gefen mayafinta ta share mini hawaye, ita ma tana kuka. Likita, Allah Ya faranta miki yadda kika faranta mini, Ya raya miki zuri'a, Ya sa ki gama da iyayenki lafiya, Ya haɗa ki da Annabin rahama.

Na tambaye ta batun magani. Ta ce akwai lonafarnib da aka amince da shi a Amurka a 2020, yana hana maƙala wa furotin ɗin waccan jelar. Ba ya warkarwa, amma yana ƙara kwana, kimanin shekara biyu da rabi a matsakaici. Muna bin hanyar nemansa, ku sa mu a addu'a. Sauran lissafin shekarun da ta faɗa mini na bar wa Mai rai da mutuwa.

Na san ba a son ambaton mai alheri, amma yau sai kun yi haƙuri. Gwaggo ta Fagge, da ciwon gwiwarki kika riƙa kwana kan tabarma a baranda, kullum da asuba kunun gyaɗa na nan da zafinsa. Kawu, kai ka sayar da ragon da kake kiwo ka kawo kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, ka ce kada in gaya wa kowa, ga shi na faɗa. Nas ɗin dare, wadda ta yi ta lallaɓa ɗan siririn hannun nan tana yi masa hirar ƙwallo har ta samu jijiya ba tare da ya yi kuka ba. Mai adaidaitan layinmu da ya ɗauke mu cikin dare ya ƙi karɓar ko sisi. Malamin Islamiyyarsu da ya sa yara suka yi masa sauka. Baban Abba, kai kam ban san da wane baki zan gode maka ba. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya yaye muku damuwarku ta duniya da lahira, Ya sa ku tarar da shi a mizani, kada Ya jarrabe ku da jinyar ɗa. Waɗanda muka baro a ɗakin yara, ya Allah Ka tashi kafaɗunsu.

Akwai na jikinmu da gidajensu ba su da nisa da asibitin, har aka sallame mu ban ga ƙeyarsu ba. Abba ya tambaye ni su, na ce masa suna hanya. Wataƙila akwai uzuri, Allah Ya sa lafiya.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take bayan la'asar. Roƙona biyu ne: kada a ɗauke shi hoto, kuma a yi masa magana kamar kowane yaro ɗan shekara tara. Mai mura ya dakata tukuna har ya warke. Na gode, na gode, Allah Ya bar zumunci.

Maman Abba